Takalmin Dama

Talata, 30 ga Afrilu 1985, bayan la'asar

Yau ma ya dawo yana jan ƙafa. Alkasim. A takardar nan kaɗai nake iya kiran sunan mijina gatsau, to bari in kira in more. Aikinshi kai magani da garin madara daga gidan likita na Urafan zuwa ƙauyuka, a kan keke, cikin rairayin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga. Ladanshi jar dawar taimako da sojoji ke saukewa a magaza, rumbun gwamnati. Ita muke ci, ita dangi ke leƙowa su taya mu ci.

Kwatangwalon dama ke cin shi. Ya ce, "Laure, in na taka feda ji nake kamar ana soka mani basilla." Na ce sannu. Na ɗora ruwa na gasa mashi.

Yana kwance rub da ciki ya ce da zarar ƙafar nan ta saki, bayan ƙaramar salla, zai bi su Umaru abokinshi kudu neman abinci. Iyaka a rufe take, amma ta daji ake bi, ta bayan Hawan Dawaki, kowa da kekenshi. Na ce wa zai bar wa gidan? Ya ce Allah. Na ce bara da yayana Sale ya bi wannan hanya haka ya ce, ga shi har yau ko hularshi ba ta dawo ba. Ya ce in yi istigfari. Na yi, amma na danna tsumman da ƙarfi har ya yi ƙara.

Alhamis, 2 ga Mayu, da hantsi

Hindu maƙwabciyarmu ta shigo wai a sam mata dusa. Mijinta ya tafi kudu tun kaka. Da can ita ce mai lalle har gwiwar hannu, yanzu zane ɗaya, wuya ya fito zaƙo-zaƙo, in an yi sallama a gidan wani ma sai ta zabura. Na ba ta dusar, na kuma tsaya ina kallonta har ta ji kunya ta fita. Ni dai ba zan zama Hindu ba.

Asabar, 4 ga Mayu, azahar

Na raka shi wajen majo, babban ma'aikacin gidan likita. Bazabarme ne, Hausarshi ba ta wuce gaisuwa da zagi ba, shi ya sa ya ce in zo, ni da na yi lakwal, makarantar boko. Ya kwantar da Alkasim a tebur, ya miƙe mashi ƙafafu, ya haɗa dugadugai. Ya yi tsaki. Ya kira ni in duba da idona. Ta hagu ta gaza ta dama da kaurin yatsa, tun karayar da ya yi yana yaro.

Majo ya yi mani bayani da Faransanci, a hankali, kamar yana koya wa ɗan aji ɗaya. Ciwo a dama yake, amma laifin na hagu ne. Duk takun feda sai ƙugu ya karkace don gajeriyar ta kai, ta dama ce ke ɗaukar wahalar. A sa fata mai kauri cikin takalmin hagu, wai semel. A sauke sirdin keke sosai. Ya ce in an yi haka, kafin salla zai warke sarai, har Kano ma ya je a kan keke in yana so. Ya yi dariya da ya ce Kano.

Alkasim ya ɗago kai ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a sa maka fata a takalmi, a kuma gyara sirdi."

"Wace ƙafa?"

Na ce, "Wacce ke maka ciwo?"

Ya ce, "Ai kuwa. Dubi tambayar banza." Ya yi wa majo godiya har da dafa ƙirji.

Lahadi, 5 ga Mayu, da yamma

Mai gyaran keke ɗaya ne a garin nan, kuma shi ne baduku, kuma shi ne ubana. Baba Mumuni, rumfarshi na bakin kasuwa. To Alkasim ba ya iya zuwa. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa tsayawa gaban Baba ba. In ya hango shi sai ya dira daga keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa kai a ƙasa har Baba ya wuce. Ko faci keken ke so, ni ke turawa in kai. Surukuta ke nan, mutanen garin har yabon shi suke.

Na tura keken, sau-cikinshi a kwando. Na ce likita ya ce fata a takalmin dama, sirdi kuma a ɗaga.

Baba ya ce, "A ɗaga? Auta, yaron nan dogo ne haka?"

Na ce, "Baba, ka taɓa ganin shi tsaye?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wallahi ban san shi ba sai a durƙushe." Ya zaɓi fatar sa mai kyau, wadda yake ɓoyo, ya yanka daidai tafin ƙafa, ya rarake gefen don kada ta ci mashi yatsu. Aiki ya yi mai kyau. Baba bai iya aikin banza ba.

Laraba, 8 ga Mayu, magariba

Ya ce yau ya fi jiya ciwo, kuma da ƙyar yake taɓo feda. Na ce likita ya ce sai jijiya ta miƙe tukuna.

Juma'a, 10 ga Mayu, da safe

Motar sojoji ta zo ta tafi da majo Tasawa. Wasu sun ce ƙyanda ce ta ɓarke a sansanin masu gudun yunwa ake neman hannu. Wasu sun ce ya yi magana ne kan buhunan magaza. Ba mai tambaya da ƙarfi. Alkasim ya damu, wai yana so ya nuna mashi takalmin. Ni kuwa na ci tuwona har na suɗe hannu.

Litinin, 13 ga Mayu, azahar

Ina neman allura na ci karo da ƴar rigar Hawwa a ƙasan akwati. Ɗiyarmu. Ƙyanda ta ɗauke ta, farkon bazara. Na mayar na rufe.

Asabar, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Yanzu in yana tafiya kafaɗa ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Hawa keke sai ya nemi turmi ko tudu ya taka. Matan bakin rijiya sun ce mani sannu da jinya. Na ce yawwa. Wata ta ce in kai shi wajen wanzami a yi mashi ƙaho, na ce a'a, mu maganin likita muke bi.

Da rana ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce, "Ji yadda ya yi zafi." Ya yi zafi kuwa. Tausayinshi ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba. Na fita tsakar gida na tsaya, sai na ji Hindu ta bayan zana tana yi wa tukunyar wofi magana. Na koma ciki na ce mashi ya daure.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan shan ruwa

An ɗauki azumi. Bana kam ba wanda ya ji sabon abu.

Umaru ya zo, abokinshi, shugaban masu tafiyar. Ya ga Alkasim ya taso yana ɗingishi ya kwashe da dariya. Ya ce, "Kai mutumina, da wannan rangajin za ka tsere wa sojan iyaka? Ai ko kunkuru aka ba bindiga ya kama ka." Na tuntsire a bayan ƙofa. Na so in ƙara wa Umaru kunu don wannan maganar.

Sai na ji Alkasim ya ce, "Ko da rarrafe ne zan tafi. Dawar nan ba za ta kai mu shuka ba. Ba zan zauna in ga an fitar da matata a makara ba."

Wai don ni. Haba! Wa ya aike shi? Ni na ce mashi ina tsoron yunwa? Yunwa na san ta, tare muke kwana. Ɗaki ba kowa ne ban iya ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, azahar

Na aro kile, ƙarfen kwance noti, wajen Baba, na ce gadon ƙarfe ne ya kwance. Maza duk suna masallaci. Keken na jingine a zaure.

Kaɗan na ƙara wa tsawon sirdin. Wallahi kaɗan ne.

Lahadi, 26 ga Mayu, da safe

Ya daɗe yana kallon sirdin. Ya ce, "Ko ni ne nake ƙanƙancewa?" Na ce azumi ne.

Alhamis, 30 ga Mayu, magariba

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Da azahar yana dawowa da kwalin madara a baya, ya biyo gangaren bayan kasuwa. Tayar gaba ta nutse a rairayi. Ya sauke ƙafa zai dogara, ƙafa ba ta sami ƙasa ba. Ya tafi gaba ɗaya ta dama, keke da kaya a kanshi, kwatangwalo ya sauka kan gindin turken da ake ɗaure shanu. Waɗanda suka gani sun ce sun ji ƙarar. Ya suma.

Inuwar da ta fi kusa ita ce rumfar Baba. Nan suka shimfiɗe shi. Da yana cikin hayyacinshi da ya gwammace a bar shi a rana. Na iso da gudu ba mayafi, na tarar Baba ya tuɓe mashi takalman da hannunshi, ya miƙe mashi ƙafafu, yana durƙushe wajen dugadugan. Bai ɗago ya dube ni ba. Takalmin dama na hannunshi, yana shafa fatar da babban yatsa, yana kallon ƙafar hagu.

Juma'a, 31 ga Mayu, da hantsi

Maɗori ya zo. Ya ce ƙashin ya goce kuma ya tsage daga kai. Mutum huɗu suka danne shi. Ihun da ya yi har awaki suka watse. Maɗori ya ja ni gefe ya ce zai taka wata rana da sanda, amma shi da keke sai dai kallo.

Ba zai tafi ba.

Ba zai tafi ba. Na ji daɗi, kuma na rubuta na ji daɗi. Wanda ya ga laifina ya je ya kwana ɗakin Hindu dare ɗaya ya dawo mu yi magana.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Baba ya shigo gidana. Bai taɓa ba. Ko ranar sunan Hawwa a ƙofar gida ya tsaya. Ya same ni a madafa, Alkasim na barci a ɗaki.

Ya ce, "Auta, wace ƙafa likita ya ce?"

Na ce na manta.

Ya ce, "Ke ba ki mantuwa. Tun kina ƙarama ba ki mantuwa." Ya ce, "Sirdin ma ba inda na bar shi yake ba. Na san ɗaurina."

Na ce, "Baba, Sale ya tafi. Ka hana shi? Ka tsaya a bakin rumfa kana sa mashi albarka, har iska ka ƙara mashi a taya. Ni ban iya sa albarka ba."

Na zaci zai mare ni. Da ma ya mara. Ya dubi hannuwanshi kawai, ya ce, "Da hannuna kika yi." Ya fita bai yi sallama ba.

Talata, 4 ga Yuni, azahar

An ba wani aikin kai magani. Na je magaza da ƙwarya, mai rabo ya ce wanda ba ya taka feda ba ya cin dawa. Wani soja na zaune kan buhu yana sakace. Na tsaya na tsaya, sannan na dawo.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan shan ruwa

Na aika wa Baba kunu. Ya dawo da kwanon yadda yake, ko murfin bai ɗaga ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Baba ya zo ya tsaya ta bayan zana, daidai inda muke shimfiɗa wa Alkasim tabarma ya sha iska. Ya yi gyaran murya. Alkasim na jin muryar ya yunƙura zai durƙusa, ƙafa ta ƙi, ya faɗi kan gwiwar hannu yana cizon leɓe.

Baba ya ce, "Kwanta, ɗana. Na zo neman gafara ne. Fatar nan a hagu ya kamata in sa, na sa a dama. Sirdi kuma na ɗaga maimakon in sauke. Auta ta faɗa mani daidai, tsufa ne ya rikita ni."

Alkasim ya ce, "Subhanallahi, Baba! Ƙaddara ce, Baba. Don Allah ka bari." Yana kuka, kai a ƙasa, kamar Baba na ganin shi ta cikin zanan.

Ina zaune ina tsince tsakuwa a ɗan gero. Da Baba ya tafi Alkasim ya ce, "Kin ga dattijon kirki? Kada ki kuskura ki yi mashi faɗa." Na ce to.

Asabar, 15 ga Yuni, da safe

Ganye da dusa. Jiya ma haka. Cinyarshi ta dama ta fara motsewa. In na juya shi ba nauyi.

Yana nan dai. In na farka ina jin numfashinshi.

Alhamis, 20 ga Yuni, hantsi

Salla. Kwano bai shigo ba, kwano bai fita ba. Hindu ta leƙo ta ce, "Ke dai kin dace, naki na gida." Na ce ƙwarai kuwa. Ta dubi tabarmar, ta dubi bakin tukunya, ta fita.

Lahadi, 23 ga Yuni, azahar

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa, har kwazazzabo ya kawo. Gari ya fita gona. Mu irin ma mun cinye shi tun cikin azumi. Alkasim ya ce in kai shi bakin ƙofa ya ji ƙamshin ƙasa. Duk wanda ya wuce da sungumi a kafaɗa sai ya bi shi da ido har ya ɓace. Haushi ya kama ni na ce, "Kallon zai shuka maka gonar?"

Talata, 25 ga Yuni, bayan asuba

Hindu ce ta buga mani zana, ta ce in fito in ga ubana. Na fita. Su Umaru sun taru a bakin gari da kekunansu, kowa ya ɗaura buhun wofi da gora. Baba na cikinsu, da keken Alkasim. Ya miƙe mashi kai, ya sa sabuwar sarƙa. Mutumin da in ya tashi daga zaune sai ya dafa bango.

Na riƙe kan keken. Na ce, "Baba, ina za ka? Ka rufa mani asiri."

Ya ce, "Na rufa ai."

Na ce ya bari, zan yi dakau, zan yi wankau, zan je Tasawa in yi aikatau. Ya ce wa zai juya mara lafiya? Ya sassauta murya don kada su Umaru su ji, ya ce, "Kin zaunar da mai nema. To dole wani ya nemo." Ya fito da kile daga aljihu, a gabana ya kwance sirdin ya sauke shi ƙasa sosai, ya hau, ya dafa ƙasa da ƙafa biyu ya gwada. Sannan ya ɓamɓare yatsuna daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Koma gida, Lauratu." Rabon da ya kira ni da wannan suna har na manta.

Litinin, 1 ga Yuli, magariba

Shiru.

Juma'a, 5 ga Yuli, la'asar

Na roƙi iri wajen limamin unguwa, ɗan tafin hannu. Ni kaɗai na sare, ni kaɗai na binne. Matan da suka wuce sun ce sannu da ƙoƙari. Wata ta ce Allah ya dawo da Baba lafiya, na ji kamar in watsa mata ƙasa a ido.

Yanzu in an yi sallama a gidan wani sai in zabura.

Laraba, 10 ga Yuli, azahar

Shiru. Alkasim ya ce kullum in riƙa ajiye shi a bakin ƙofa, fuska kudu. Ina ajiyewa.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

Umaru ya dawo, a ƙasa, ba keke ba takalmi. Ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwa. Ya ce sun tsallaka lafiya, sun samo gero, Baba ma ya ɗaure buhu guda a baya. A dawowa ne, dab da iyaka, aka haska su, aka yi harbi, kowa ya yi ta kanshi. Ya ce ya waiga sau ɗaya ya ga Baba ya sauka yana tura keken cikin rairayi, ya ƙi sakin buhun. Ya yi mashi ihu ya yar, bai yar ba. Sun jira shi a wata ruga har suka gaji.

Na ce, "Ka ga gawa?" Ya ce bai gani ba. Na ce, "To tashi ka fita mani daga gida, matsoraci." Ya tashi ya fita.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan azahar

Mutane sun zo sun zauna, ba su san ko gaisuwar mutuwa za su yi ba ko jaje. Sun yi addu'a sun watse.

Da gida ya yi tsit Alkasim ya kira ni. Ya jawo jiki da gwiwar hannu daga tabarma har bakin ƙafata, ƙafar tana biye da shi a ƙasa. Na ce me ye haka, ya koma ya kwanta. Ya ƙi. Ya riƙe gefen zanena.

Ya ce, "Laure, ni na kashe maki uba. Tafiyata ce ya yi. Da na iya zama kan keke kamar kowane namiji, da yana rumfarshi yanzu. Kin yi jinyata, kin ci dusa saboda ni, ga abin da na saka maki da shi. Don girman Allah ki yafe mani."

Na dube shi. Yana nan, a gidana, a gabana, ba inda za shi har abada. Bakina ya buɗe, na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Ya ɗago ido yana jira.

Na ce na yafe.